Gaisuwar da Babu Muhammadu a Cikinta

Ƙarfe uku da rabi na yammacin wata Laraba ne Hajiya Azumi ta ajiye takarda kusa da injina ta ce in buga mata. Na riƙe lokacin saboda da minti ake biyan teleks, dole in duba agogo kafin in taɓa komai. Daga wannan takarda abin ya faro. Amma bari in fara gaya muku ko ni wace ce kafin wannan rana, don kada ku ɗauka ɓarawo yana da wata kama ta daban da taku.

A Zongon Lome aka haife ni. Kakana fataucin goro ya kawo shi daga Katsina, ya zauna bai koma ba. Mahaifina malamin zaure ne. Da safe yara da alluna, bayan la'asar manya da littattafai, kuma shi ke jan salla a ƙaramin masallacin layinmu. Ba shi da dukiya. Abin da yake da shi kawai shi ne idan ya faɗi magana ba wanda ke zuwa bincike. Mutane sukan kawo masa ajiya, su kawo masa rabon gado, su gaya masa abin da ba su gaya wa iyalinsu ba.

Ni kuwa yarinya ce mai kunya har ta yi yawa. Idan baƙo ya yi sallama sai in shige bayan labule da littafina. A lise, wato makarantar sakandare, ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, ko da na san amsa, kuma yawanci na sani. Ranar da aka fitar da mu fili koyon waƙe-waƙen jam'iyya, layin ƙarshe nake tsayawa ina motsa leɓe. Littattafan rubutuna babu gogewa ko ɗaya a cikinsu. Idan na yi kuskure sai in sake shafin gaba ɗaya. Iyaye a layinmu da ni suke yi wa 'ya'yansu misali. Ina jin daɗin hakan a ɓoye, ban kuma san cewa jin daɗin ma wani ciwo ne ba.

Tun ina ƙarama Baba ya lura ina laɓewa a ƙofar zaure idan yana koya wa manya hisabi. Bai kore ni ba. Wata rana ya kira ni ya biya mini abajada, hawaza, haɗaya, ya nuna mini yadda kowane baƙi yake da lambarsa: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har zuwa tara, har zuwa dubu. Cikin mako guda na haddace. Da na biya masa babu tuntuɓe sai ya ce, “To,” ya ci gaba da abin da yake yi. Haka yabonsa yake, ba ya wuce wannan.

Tun da aka tashe mu daga tsohon Zongo aka kai mu bayan gari, kuɗin mota zuwa makaranta ya zama nauyi a gidanmu. Shi ya sa da na kai ajin ƙarshe Baba ya yarda in riƙa aiki ranar Laraba da yamma da ranar Asabar a wani buro, wato ofis, a kasuwar Adawlato. Mai wurin dattijo ne ɗan unguwar Be, mai fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jirgin ruwa, kowa Patron yake ce masa. Yana da injin teleks, wanda za a buga saƙo a nan ya fito a takarda a wata ƙasa nan take, 'yan kasuwa kuma suna biya a aika musu. Ya ɗauke ni ne saboda mutanenmu na Zongo da ajami suke kawo saƙonsu, ni kuwa ina karanta ajami in mayar da shi boko.

Hajiya Azumi babbar 'yar kasuwar atamfa ce. Ɗanta Nasiru yana Beljiyam, shi ke saya mata kaya yana turowa. Da na buɗe takardarta sai na ga rubutun Baba. Ban yi mamaki ba, shi ke rubuta wa rabin unguwa wasiƙa. Saƙon gajere ne: tana lafiya, kaya sun iso, sannan a gaida Dauda da Zainabu da Safiya da Hajara da Binta, haka sunaye suka jeru har ashirin.

“'Yar Malam, ki buga shi yadda yake,” in ji Hajiya. “Kada ki sa na baya a gaba. Mutanen nan akwai su da fushi, wanda aka riga shi sai ya yi wata bai kula ni ba.”

Patron ya leƙo ta saman tabarau ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Hajiya, Beljiyam duka danginki ne?”

“Kai dai karɓi kuɗinka,” ta ce. “Ku da ba ku gaida kowa ai kun huta.”

Ina bugawa wani abu yana sosa mini rai. Bahaushe ya gaida mutum ashirin, amma babu Muhammadu ko ɗaya, babu Fatima, babu Musa, babu Usmanu. Ga Safiya har sau uku. Na sake duba ajamin, sai na ga duk sunayen da baƙaƙe taran farko na abajada suka fara, ban da Safiya. Nan take na gane. Dauda huɗu ne, Zainabu bakwai, Binta biyu. Sifiri ba shi da baƙi a abajada, sai Baba ya ba shi Safiya. Sha shida na farko lambar katin banki ce, irin na robar nan da manyan 'yan kasuwa suka fara samu daga bankunan Turai, huɗun ƙarshe kuma wata da shekarar da zai ƙare. Wanda ya san waɗannan yana iya sayen kaya ta waya ko da bai taɓa ganin katin ba. Hajiya na so Nasiru ya riƙa biya da shi daga can.

Dabarar ta burge ni. A wancan lokacin kowa ya san waya tana da kunne. Wanda ya aika jerin lambobi a fili, duk hannun da takardar ta bi ya gani. Wanda kuma ya aika haruffan da ba su da ma'ana, yana iya samun kansa a gaban masu kaki yana bayani. Amma ba wanda zai zargi Bahaushe don ya cika gaisuwa. Baba ya yi wa Hajiya kwaɗon da ba ya kama da kwaɗo. Abin da bai lissafa ba, ko kuma ya lissafa ya ga ba damuwa ba ne, shi ne mabuɗin yana cikin kan 'yarsa.

Wallahi a ranar ban yi niyyar komai ba. Sai dai maimakon in buga in manta, sai na riƙe. A mota ina komawa Zongo ina biya lambar a raina kamar karatu, ina murmushi ni kaɗai. Na san abin da Patron bai sani ba, abin da duk Adawlato ba su sani ba. Matsalar ita ce ba wanda ya san na sani, wannan kuwa ya fara ci mini rai.

Akwai wani da ke yawan zuwa buron, Mutari, ɗan layin bayanmu. Yana da shagon sassaƙa da duwatsun wuya kusa da bakin teku, inda Turawa masu yawon buɗe ido ke saye, har yana da ƙaramin injin da ake goga kati a kansa. Ya taɓa zama a zauren Baba yana yaro, bai gama farfaru ba ya gudu. Mutum ne mai fara'a, mai turare, rabin maganarsa Faransanci. Profesa yake kirana. Shi kaɗai ne a cikin masu zuwa yake tambayata abin da nake karantawa, ya kuma tsaya ya ji amsa.

Wata Asabar ya ga kwafen saƙon Hajiya a farantin da Patron ke tara su. Ya ɗauka ya karanta da ƙarfi yana dariya.

“Kai, Hajiya da asara! Gaisuwa a teleks? Profesa, wace ce wannan Safiyar da ake gaida ta sau uku? Ko bashi ake binta?”

“Ba gaisuwa ba ce,” na ce.

Kalmomi huɗu ke nan. Da zan iya saye su in mayar cikin bakina da na ba da duk abin da na mallaka.

“To mene ne?”

Na sunkuyar da kai.

“A bon,” ya ce, ya ajiye takardar. “Na ɗauka kin san wani abu ne. Ashe cika bakin 'yan lise ne.”

Patron yana waje wurin masu dako. Ban ko kalli takardar ba, na jero masa lambar daga farko har ƙarshe, na gaya masa ko ta mece ce, har na ƙara da cewa A ɗaya ne, B biyu, J uku, D huɗu, don ya tabbata ba ƙirƙira na yi ba. Ya tsaya yana kallona. Sannan ya ce a hankali, “Wallahi duk Zongo babu kai irin naki. Kuma kina nan kina buga wa tsoho takarda.” Ya ce in maimaita don ya ga ko zan yi kuskure. Na maimaita. Na ga yana rubutu a bayan kwalin sigari, na kawar da kai na ce wa kaina wasa ne.

Mako biyu bayan haka ya kawo mini babban ƙamus na Faransanci, wanda na daɗe ina tsayawa kallonsa ta gilashin shagon littattafai. Ya ce kyauta ce daga yaya zuwa ƙanwa. Na san ba kyauta ba ce. Na karɓa, na rufe masa bango da takardar siminti, na gaya wa Mma, mahaifiyata, cewa aro ne daga makaranta. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi a gidanmu, ban ma ji ta yi nauyi ba.

Hajiya Azumi ba ta iya ganin alheri ta yi shiru. Ta gaya wa abokan kasuwancinta masu kati irin nata, su ma suka fara zuwa wurin Baba ya rubuta musu gaisuwa, su kawo mini in buga. Duk wanda ya zo, Mutari zai biyo baya da yamma ya jingina da tebur ya ce, “Profesa, yau wa aka gaisar?” Sai in faɗa. Daga baya na ji cewa sayar da lambobin yake yi wa wasu abokansa a Kwatano da Abijan, su kuma su sayi tikitin jirgi da kaya ta waya. Bayan ƙamus sai ambulan ta kuɗi ta fara zuwa. Ban iya kashe abin da ke ciki ba, don yarinya irina ko sabon ɗankwali ta ɗaura sai an tambaya. Cikin littattafai nake cusa su. Kullum ina ce wa kaina ban sa hannu a aljihun kowa ba, karatu kawai na yi, kuma masu kuɗi ne ba za su ji ba.

Takardun banki daga Turai sai su yi watanni kafin su iso, shi ya sa abin ya daɗe a rufe. Nasiru ne ya fara ganin an sayi tikitin da bai sani ba. Sannan aka gani a katin wani Alhaji Sule mai kayan gyaran mota, sannan a na sauran. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masu katunan suka taru a zaurenmu. Ina bayan labule, inda na saba tsayawa.

“Malam, mu ba mu ce kai ne ba,” in ji Alhaji Sule. “Amma alƙalamin naka ne. Ni da ɗan'uwana da kai, mu uku muka san nawa. Ɗan'uwana ba zai saci kansa ba.”

Wani ya ce, “Ita yarinyar da ke bugawa fa?”

Hajiya Azumi ta yi tsaki. “Wannan? Ko canji za ta ba ni ba ta iya kallon idona. Ita boko ta sani, me ya haɗa ta da hisabi? Ku bar baiwar Allah.”

Na jira Baba ya ce ai ta sani, ni na koya mata. Bai faɗa ba. Ya ce kawai shi bai ci amanar kowa ba, Allah kuma Yana gani.

Daga nan zaurenmu ya fara yin faɗi. Ba wanda ya zage shi a fili, Zongo ba ta yin haka da malami. Sai dai wannan ya zo ya karɓi ajiyarsa ya ce buƙata ce ta taso, wancan ya mayar da yaransa wata makaranta ya ce ta fi kusa. Manyan da ke zuwa bayan la'asar suka koma mutum biyu. Wata magariba aka gabatar da wani ya ja salla Baba yana tsaye a sahu, aka ce don a hutar da shi ne. Ya bi, ya dawo gida. Ni ke kai masa abinci, ni ke ɗauko kwanon da rabin tuwon a ciki.

Sau ɗaya ya tambaye ni. Na shiga share zaure da safe, yana zaune a kan buzunsa.

“Ke, takardun nan, ban da ke akwai mai ganinsu a wurin aikinki?”

“Patron yana ajiye kwafe, Baba.”

“Ke kin san abin da ke cikinsu?”

“Gaisuwa ce nake gani, Baba. Ban san komai ba.”

Ya dube ni, ya daɗe, sannan ya ce, “To.” Na ci gaba da shara.

A ranar na gaya wa Mutari na daina. Bai yi fushi ba, dariya ya yi. “Profesa, ai kin riga kin yaye ni. A ɗaya, B biyu. Abu mai sauƙi.” Ban damu ba, don na ɗauka ba wanda zai sake kawo wa Baba irin wannan aikin.

Na manta da halin Hajiya Azumi. Da banki ya sake mata sabon kati, da rana tsaka ta zo zaurenmu, ta tsaya a ƙofa ta ɗaga murya don maƙwabta su ji: “Malam, na zo ka rubuta mini gaisuwa. Wanda ya ce kai ɓarawo ne ya zo ya faɗa a gabana.” Baba ya rubuta. Ni na buga. Na san idan wannan ma ta ɓace, Baba ya gama zama a Zongo. Mutari ya zo da yamma, na ƙi ɗaga kai. Ranar aikina ta gaba na duba farantin Patron, kwafen babu.

Abin da Mutari bai sani ba shi ne H ɗin boko guda ɗaya ne, amma a ajami biyu ne. Akwai ha babba, ta Hajara da Haruna, lambarta biyar. Akwai ha ƙarami, ta Hawwa da Halima da Hasan, lambarta takwas. Duk wanda ya yi nisa a karatun allo ya san haka, Nasiru ma ya sani, shi ya sa bai taɓa ruɗewa ba. Mutari da ya gudu tun yana farfaru, duk inda ya ga H sai ya sa biyar. A sabuwar gaisuwar kuwa akwai Hawwa, akwai Halima, akwai Hajara. Ga shi abokansa na waje sun daina ba shi rabonsa, sai ya cika takardar ciniki da hannu a shagonsa, kamar wani ya yi sayayya ta waya, ya kai banki. Aka ce babu irin wannan lamba. Ya sauya, ya sake kaiwa. Bankin ya kira 'yan sanda.

Da suka bincike shagon suka sami kwafen teleks, suka tambaye shi ma'anarsa. Ya ce, “Ku tambayi malamin da ke rubuta su.” Bai ambace ni ba, ba don tausayi ba, sai don ya san idan na buɗe baki, sace-sacen baya duka za su fito.

Da hantsi suka zo suka tafi da Baba, a gaban 'yan yaran da suka rage masa. Kafin magariba labari ya cika layi cewa ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. Ana tambayarsa su wane ne mutanen nan ashirin da ake aika sunayensu ƙasar waje a ɓoye, wa ya tara su, me suke shiryawa. Ku da kuka girma a ƙasar nan kun san abin da irin wannan tambaya take nufi: zargin yi wa gwamnati maƙarƙashiya. Mma ta zauna a tsakar gida ta ɗora hannu a ka, maƙwabta mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa. Wanda aka tura da abinci ya dawo ya ce Baba ya yi musu bayanin abajada, ba su yarda ba. Sun ce in gaskiya ne ya faɗi wanda ya buɗe wa Mutari sirrin. Ya ce ba shi da wanda zai ambata.

Da safe na sa kayan makaranta kamar kullum, na kwashe ambulan ɗin nan duka daga cikin littattafai, na sauka a komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, na ce wa na bakin ƙofa ina da magana a kan malamin Zongo.

Komisan, wato shugaban ofishin, ya sa aka kawo Baba, aka kira Hajiya Azumi ta zo da katinta. Ya ajiye kwafen a gabana, da takardar da Mutari ya cika, ya ce in karanta. Na karanta masa da Faransanci, suna bayan suna. Da na zo kan Hawwa na ce takwas. Ya ce amma ga H, wancan biyar ya sa. Na zana masa ha biyun a gefen takarda. Ya ɗauki katin Hajiya yana bi da yatsa har na kai ƙarshe, babu lambar da ta saɓa. Ya jingina da kujera. Sannan ya tambaye ni ko akwai na baya, na faɗa duka, na tura masa ambulan ɗin.

Baba ba ya jin Faransanci. Yana tsaye kusa da bango, ba hula a kansa. Komisan ya nuna shi da biro ya ce mini, “Yanzu ki faɗa masa da yarenku.”

Na yi zaman gidan yari daga baya, amma babu ranar da ta kai wannan mintin tsawo. Na ce, “Baba, ni ce. Tun ta farko ni ce.” Hajiya ta ce, “Innalillahi,” ta zauna a benci. Baba bai kalle ni ba. Ya tambayi ɗan sandan da ke kusa da shi ko zai iya samun hularsa.

Aka sake shi a ranar. Ni da Mutari aka kai mu kotu, aka yanke mini shekara biyu, shi fiye da haka. Jarrabawar bak, ta gama sakandare, ta zo ta wuce ina ciki. Sashen mata ɗaki ne mai zafi, muna kwana kafaɗa da kafaɗa, da rana mu yi wanki da daka a ɗan fili. Ban sha duka ba, ban kuma yi rashin lafiya mai tsanani ba. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin tunani ya yi yawa. Matan da ba su iya rubutu ba suka riƙa zuwa in rubuta musu wasiƙa zuwa gida, da yaren Mina, da Faransanci, da Hausa. Suna faɗa mini abubuwan da suka fi lambar kati nauyi. A nan na koyi abin da ya kamata in sani tun a buron Patron: in rubuta, in miƙa, in bar maganar ta tafi tare da takardar.

Mma tana zuwa duk Lahadi da kwano. Ita ta gaya mini Hajiya Azumi ta jawo Alhaji Sule har zaure ya ba Baba haƙuri a gaban mutane, an kuma mayar da shi gaban sahu. Wasu yaran sun dawo, wasu ba su dawo ba, don yanzu abin da ake cewa shi ne malamin da ya kasa karantar da ta cikin gidansa. Baba bai zo ba ko sau ɗaya. Kullum sai in ce wa Mma ta roƙa mini gafararsa, kullum sai ta dawo ta ce ya ji.

Ranar da aka sake ni na durƙusa a ƙofar zaure na ce ya yafe mini. Ya ce, “Shiga ki ci abinci.” Bayan sallar layya na sake roƙo, ya ce, “Allah Ya yafe mana gaba ɗaya.” Na san wannan ba amsa ba ce. Yana amsa gaisuwata, yana sa mini albarka idan zan fita, amma ba ya kallon fuskata. Na sami aikin koya wa 'ya'yan wata mata karatu a unguwar Agbalepedo, na ci gaba da shirin jarrabawa ni kaɗai a gida. Hajiya Azumi idan na gaishe ta takan amsa, amma ba ta ƙara ce mini 'yar Malam ba.

Ƙannena, musamman ku masu shiru, masu ƙoƙari a makaranta, waɗanda ake cewa ba ruwansu, da ku nake. Ni ba yunwa ce ta kai ni ba, ba kuma son kaya ba. So na yi a ce na iya. Duk wanda ya zo yana yabon kanku yana kuma tambayar abin da aka ba ku amana, ku sani yabon farashi ne. Kada ku ce karatu kawai na yi, ko faɗa kawai na yi, ban ɗauka da hannuna ba. Na gwada wannan maganar a kaina wata da watanni, ba ta hana a tafi da mahaifina ba hula ba. Idan aikinku ya sa sirrin wani ya bi ta hannunku, ku bar shi ya wuce. In kuma kun riga kun faɗa, ku yi magana tun ranar da aka fara tambayarku, don kowace safiyar da kuka ƙara kuna shiru wani ne yake biya.

Ku kuma iyayenmu 'yan kasuwa, ku ci gaba da ɓoye lambobinku, daidai ne. Amma kada ku aika duka ta hanya ɗaya. Ku raba, rabi ta teleks, rabi ta tarho ko ta bakin amintacce. Ku karɓe kwafenku ku ƙona. Ku kuma tambayi kanku ta hannun wa saƙon zai bi, ko da mai hannun ba ta iya kallon idonku.

Kusan shekara guda bayan fitowata, wata safiya bayan yara sun tashi, ina tattara alluna a zaure, Baba yana gyara alƙalami da 'yar wuƙarsa. Ban shirya ba, maganar ce kawai ta fito.

“Baba, ba zan sake damunka ba bayan yau. Ka yafe mini, ko in ci gaba da jira?”

Ya ajiye wuƙar. Ya ɗago ya dube ni sosai, har na ji ina so in nemi labule.

“Satar tun a komisariya na yafe ta,” ya ce. “Ƙaryar da kika yi mini a ɗakin nan ce ta tsaya mini a wuya. Ban so in ce na yafe alhali tana nan, kada in yi miki irin abin da kika yi mini. Kullum na idar da salla sai in neme ta, in same ta. Kwana biyun nan ina nema ban same ta ba. Na yafe miki. Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo.”